Yadda ake shirya walimar Kirsimeti da rabon kyaututtuka a makarantar firamare mai haɗa Musulmi da Kirista

A garuruwan gabashin Sudan, musamman Gadarif da Kasala da Bur Sudan, ba baƙon abu ba ne a iske 'ya'yan Hausawa suna zaune a benci ɗaya da 'ya'yan Kiristocin duwatsun Nuba, da na Ƙibɗawa, da na Habasha da Eritiriya, da na mutanen Kudu waɗanda suka ci gaba da zama bayan ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ƙara wannan cakuɗuwa, domin iyalan da suka baro Khartum, da waɗanda suka baro Wad Madani a Disambar 2023, sun zo da yaransu sun shiga makarantun da suka samu. Saboda haka malami Bahaushe, ko uban da ke cikin majalisar iyaye, yana iya wayar gari an ɗora masa shirya walimar Disamba alhali bai taɓa halartar irinta ba. Wannan bayani dominsa aka rubuta shi, kuma abu biyu ne ma'auninsa: kowane yaro ya koma gida da kyautar da ba ta gaza ta abokinsa ba, kuma kada wani uba ya ji an saka ɗansa cikin ibadar da ba tasa ba.

Kafin a fara aiki, yana da kyau a san inda al'adar ta fito, domin a rarrabe abin ɗauka da abin bari. A makarantun firamare na Ingila, ƙananan yara kan yi wasan kwaikwayon haihuwar Yesu, a ajiye akwatin da ɗalibai ke jefa wa junansu katin gaisuwa, sannan a yi ɗan ciye-ciye a aji kafin hutu. A makarantun gwamnati na Amurka, inda doka ta raba coci da hukuma, sau da yawa ana kiran taron walimar hunturu domin a kauce wa batun addini. A Holan kuwa, ɗaliban manyan azuzuwa kan zari ƙuri'ar sunaye kafin 5 ga Disamba, kowa ya ɓoye ƙaramar kyauta cikin wani abu da ya ƙera da hannunsa, kuma makaranta ce ke yanke iyakar kuɗin da za a kashe. Dattijon nan mai jan kaya da farin gemu, wanda ake kira Baba Nuwel a Masar da Sudan, asalinsa labarin Nikolas ne, bishop na garin Mira da ke ƙasar Turkiyya ta yau, wanda ya rayu a ƙarni na 4 kuma ya shahara da kyauta a ɓoye. A ganina, tsarin Holan ne ya fi dacewa da mu, saboda ya fifita aikin hannu kuma ya sanya wa kuɗi takunkumi.

Izini da zama da iyaye

Matakin farko shi ne a sami amincewar mudir, wato shugaban makaranta, kuma in makarantar ta gwamnati ce, shi ne zai sanar da ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Makarantun coci, irin na Komboni da suka daɗe suna karantar da 'ya'yan Musulmi da Kirista tare, suna da nasu tsarin da suka saba, don haka a can sai a bi abin da aka tarar.

Daga nan sai a kira majalisar iyaye a ƙarshen Nuwamba, kada a bari Disamba ta shigo. A yankin Gadarif wannan lokaci yana da hikimarsa, domin an gama yankan riɗi, kuɗi ya fara shigowa hannun mutane, alhali girbin dawa bai kwashe maza zuwa gonaki gaba ɗaya ba. A tabbata akwai iyaye mata a zaman, domin su ne za su soya, su ɗaure, su shirya yara, kuma a tabbata akwai wakili daga kowace coci da ke da ɗalibai a makarantar.

A wannan zama ne ake fuskantar batun da ya fi kowane nauyi. Malaman Musulunci sun saɓa a kan taya Kirista murnar bikinsu: Darul Ifta ta Masar ta halatta, yayin da kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ya hana, kuma a cikin Hausawan Sudan akwai masu bin kowane ɓangare. Makaranta ba wurin yanke wannan hukunci ba ce, kuma malamin da ya tsaya jayayya da uba a kai zai rasa uban, ya rasa ɗan. Mafita ita ce a raba ranar gida biyu. Kashi na farko na ibada ne, wato waƙoƙin coci da addu'a da wasan haihuwa, kuma wannan na ɗalibai Kirista ne tare da malamin addininsu a ajinsu. Kashi na biyu na kowa ne, kuma bai ƙunshi komai ba sai abinci da wasanni da rabon kyauta. A rubuta wannan tsari a takardar da za a aika gidaje, cikin Larabci kamar yadda aka saba, amma a sami wanda zai bi dattawan da Hausa ta fi zama a bakinsu ya yi musu bayani baki da baki. Ana iya cewa: "Baba, mun zo ne mu sanar da kai cewa ranar Alhamis za a raba wa yara kyauta a makaranta, babu addu'ar coci a wurin da yaronka zai zauna, kuma in ka fi son ya zauna a gida, kyautarsa za ta same shi." Wannan alkawari na ƙarshe a cika shi, domin bai kamata yaro ya yi asara saboda matsayin da mahaifinsa ya ɗauka ba.

Zaɓen rana

Kirsimeti biyu ne a nan. Katolika da Angilikan da sauran cocin bishara suna yi ranar 25 ga Disamba, wadda gwamnatin riƙon ƙwarya ta Abdalla Hamdok ta sake mayarwa ranar hutu a 2019. Ƙibɗawa da Otodoks na Habasha da Eritiriya kuwa sai 7 ga Janairu. A tsakaninsu akwai bikin 'yancin kai na 1 ga Janairu. Tunda kalandar karatu ta bambanta daga jiha zuwa jiha tun bayan ɓarkewar yaƙi, sai a duba jadawalin jarrabawa tukuna, sannan a ɗauki Alhamis ta ƙarshe kafin 25 ga wata, a fara daga lokacin fatur, wato karin kumallon hantsi, a tashi kafin azahar.

Kuɗi

Kada a yanke adadin fam, wato kuɗin Sudan, tun a Nuwamba, domin farashi yana iya canzawa kafin ranar sayayya. Gara a auna gudummawa da kaya, a ce kowane gida zai ba da kuɗin littafin rubutu biyu a farashin makon da za a tara. A ɗora nauyin a kan gida, ba a kan kowane yaro ba, saboda mai yara huɗu a makaranta kada ya biya ninki huɗu. Wanda ba shi da kuɗi yana iya kawo riɗi ko gyaɗa ko sukari ko gawayi, wadda ba ta da ko ɗaya tana iya zuwa ta taya suya, kamar dai yadda ake gayya. 'Yan gudun hijira da marayu a cire su daga biya tun farko, kuma kada a taɓa karanta sunayen waɗanda suka biya a taron safe, ko a rubuta su a allo.

Mutum biyu ne za su riƙe asusu, malami ɗaya da uwa ko uba ɗaya. Wanda ya turo ta Bankak, manhajar banki ta waya, a ajiye hoton shaidarsa, wanda ya kawo tsaba a rubuta a littafi a gabansa. In wani ɗan kasuwa a unguwa ya yi niyyar taimako, a karɓa a zuba a asusu ɗaya, amma kada a yarda ya ware wa 'ya'yan ƙabilarsa ko na addininsa.

Kyaututtuka

Nan ne walima ke gyaruwa ko ta lalace, don haka zan ɗan daɗe a kai. Hanyar da ta fi sauƙi a baki, wato a ce kowane yaro ya zo da kyauta daga gida a yi musaya, ita ce ta fi jawo kuka. Ɗan mai shago zai zo da motar wasa mai batir, ɗiyar da ke kwana a sansani za ta zo da alewa biyu a leda ko ta ƙi zuwa makaranta ranar gaba ɗaya, kuma duk ajin zai ga wanda ya ci riba da wanda ya faɗi. Yara ba sa ɓoye abin da ke ransu, kuma magana ɗaya daga bakin ɗan shekara bakwai ta isa ta ɓata wa wani yini.

Saboda haka, daga aji ɗaya zuwa aji huɗu, kwamiti ne zai sayi komai da kansa a sari, ya ɗaure ƙunshi iri ɗaya ga kowa. Ƙunshi mai kyau yana haɗa abin amfani da abin daɗi da abin wasa: littafin rubutu da fensir, ɗan kantun riɗi ko dabino, sannan wani ƙaramin abu kamar fensiran kala ko igiyar tsalle. Sabulu da man shafawa ma suna shiga, domin iskar hunturu tana fasa fatar yara, kuma iyaye mata suna jin daɗinsu, amma kada a cika ƙunshin da abin amfani kawai har yaro ya ji kamar rabon agaji aka yi masa. A ƙirga ɗalibai daga rajistar wannan makon, ba ta farkon shekara ba, saboda sababbin shiga, sannan a ƙara ɗaya bisa kowane goma. Ajin da ke da yara 60 sai a ɗaure masa 66. Rarar tana maganin ƙanin da ya biyo yayarsa, da ƙunshin da ya yage, da yaron da aka manta sunansa.

A rubuta sunan kowane yaro a jikin ƙunshinsa. Wannan ƙaramin aiki ne da ke cin dare ɗaya, amma shi ne ke sa yaro ya ji an tuna da shi shi kaɗai, ko da abin da ke ciki daidai yake da na kowa. A tambayi yadda ake rubuta sunayen Tigirinya, harshen da ake yi a Eritiriya da Habasha, da na Nuba daidai, kada a yi kame-kame.

Ɗaliban aji biyar da shida sun kai su ɗanɗani daɗin bayarwa, don haka su ne za a yi wa ƙuri'a, mako biyu kafin ranar. In aka bar kowa ya zari takarda daga kwano, wani zai zari sunan kansa a sake daga farko, kuma sirri ya tonu. Hanya mafi tsafta ita ce malami ya rubuta sunaye a ƙananan takardu, ya gauraya su, ya jera su layi ɗaya, sai kowane suna ya ba wanda ke bayansa, na ƙarshe ya ba na farko. Da haka babu mai samun kansa, babu wanda za a tsallake. Malami ya kira yara ɗaya bayan ɗaya ya raɗa wa kowa sunan da ya faɗo masa, ya ajiye jerin a wurinsa. In makarantar tana haɗa maza da mata, a yi layi biyu, domin kyauta tsakanin yaro da yarinya a wannan shekaru tana jawo tsokana a aji da tambayoyi a gida.

Ƙa'idar ita ce kyautar ta zama aikin hannu, kuma a yi ta a makaranta da kayan da kwamiti ya saya, a cikin darasin zane. Yara suna iya ƙera akwatin fensir daga kwali, ko mota daga waya da marafan kwalba, ko abin hannu na duwatsun ado, ko ɗan faifan kaba, ko kati mai zane da kalmomi biyu na yabo. Kwana uku kafin walima malami ya karɓi duka ya duba, ya taimaki wanda bai gama ba, ya cike gurbin wanda ba shi da lafiya. Ranar rabo, bayan kowa ya buɗe tasa, sai a bar su su yi hasashen wanda ya yi musu, kuma wannan ne wurin da dariya ta fi yawa.

Akwai abubuwan da ba za su shiga ƙunshi ba ko kaɗan. Na farko bindigar wasa da duk wani abu mai fashewa, domin a cikin yaran nan akwai waɗanda suka ji ƙarar ta gaske, kuma har fashewar balan-balan tana iya sa wani ya shige ƙarƙashin benci. Na biyu tsabar kuɗi, domin goron sallah yana da muhallinsa a gida, amma a makaranta manyan yara kan ƙwace. Na uku duk abin da ke ɗauke da alamar addini, gicciye ne ko carbi, sai dai in malamin addini zai ba ɗalibansa a kashin farko. Na huɗu ƙananan duwatsu da usur mai ɗan ƙwallo a ciki ga 'yan aji ɗaya, saboda haɗiya. Kyauta ga malamai kuma, wadda aka saba da ita a Ingila, gara a taƙaita ta ga kati ɗaya da dukan aji suka sa wa hannu, domin jarrabawa tana kusa kuma bakin mutane ba ya shiru.

Batun Baba Nuwel a bar wa majalisar iyaye. In sun yarda, wani malami ya sa kayan ya shiga ajin ɗalibai Kirista. A taron kowa da kowa kuwa, na fi son a gayyato kaka ɗaya daga Musulmi da ɗaya daga Kirista su miƙa kyaututtukan, domin yaro ya san yadda ake durƙusawa a karɓi abu da hannu biyu daga dattijuwa, kuma babu wanda zai tsorata da gemun auduga.

Abinci da abin sha

Abin da mutane da yawa ke mantawa shi ne cewa walimar Disamba tana faɗawa cikin azumin Otodoks. Ƙibɗawa suna azumin kwana 43 daga 25 ga Nuwamba, mutanen Habasha da Eritiriya ma suna nasu a wannan lokaci, kuma a cikinsa ana barin nama da madara da ƙwai da man shanu. Gidaje sun bambanta wajen sa ƙananan yara, amma malamai da iyayen da za su halarta galibi suna kiyayewa. Sa'ar da aka yi ita ce abincin fatur da kowa ya saba da shi ya wadatar: ful (dafaffen wake) da man riɗi, ta'amiyya (wani irin ƙosai), burodi, zalabiya da aka soya da man gyaɗa, dabino da kantu. Duk wannan halal ne ga Musulmi, ya dace da mai azumi, kuma ya fi nama araha. In ana son agashe, a ajiye shi a tire dabam, haka ma biskit irin su ka'ak da betifor da aka yi da man shanu ko ƙwai.

Abin sha a yi zoɓo ko tsamiya ko ruwan 'ya'yan kuka. Kofi mai cin rubu'in lita sau biyu ga yara 60 ya kama lita 30, wato jarka ɗaya da rabi. Bayan kwalarar da ta addabi Kasala da Gadarif a 2024, ba a wasa da ruwa: a tafasa shi, ko a sa masa ƙwayar kulorin bisa umarnin da ke jikin fakiti a jira rabin awa, kuma kada a jefa ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba. A ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa, babba ɗaya ya tsaya yana zuba wa yara. A tambayi iyaye tun a takardar farko ko akwai yaron da gyaɗa ko riɗi ko ful ke yi wa illa, a ba malamin ajin sunansa.

Ranar walima

A share aji da yammacin Laraba, a rataya sarƙoƙin takarda masu launi da yara suka yanka, a shimfiɗa tabarmi. Kada a kunna kyandir a kusa da rumfar kara ko jinka, domin iskar wannan lokaci busasshiya ce. A Bur Sudan, inda ruwan sama ke sauka a hunturu, a tanadi aji ko baranda maimakon fili.

Da safe ɗalibai Kirista su yi kashinsu na kimanin minti 40, sauran kuma su kasance tare da malamansu suna ƙarasa ado ko sauraron tatsuniya, kada a bar su suna leƙe ta taga. Sai a haɗu, mudir ya yi gajeriyar maraba, a wanke hannu, a ci abinci. Wasanni su biyo baya: tseren buhu, jan igiya, langa, 'yar gala-gala, kacici-kacici cikin Larabci. A gauraya ƙungiyoyi ta hanyar ƙirga ɗaya, biyu, uku, domin in aka bar yara su zaɓa, kowa zai koma wajen masu harshensa. Kyautar wanda ya ci wasa ta tsaya ga tafa masa kawai, saboda kada wani ya tafi da uku wani da ɗaya.

Rabon kyauta shi ne na ƙarshe, domin yaron da ya karɓi ƙunshi hankalinsa ya bar wurin. A fara da aji ɗaya, a kira suna bisa rajista, malami yana sa alama, kuma kowa ya riƙe nasa a rufe har na ƙarshe ya karɓa, sannan a buɗe tare. A sallami ƙanana tukuna tare da yayyensu, manya su biyo bayan minti goma, malami ɗaya kuma ya tsaya a bakin ƙofar makaranta har hanya ta yi sauƙi. Game da hoto, kada a sa fuskar yaro a Facebook ko WhatsApp sai da yardar iyayensa, musamman 'ya'yan waɗanda suka gudo, domin wasu ba sa son a san inda suke.

Bayan an tashi

A ranar ko washegari, a kai ƙunshin waɗanda ba su zo ba har gida, marar lafiya da wanda mahaifinsa ya hana duka ɗaya. Ranar Lahadi da aka dawo aji, malamai su sa yara su rubuta layi biyu na godiya ga matan da suka yi suya da waɗanda suka ba da gudummawa, tunda yaba kyauta tukuici. Masu riƙe asusu su rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a takarda ɗaya, ba tare da sunayen masu biya ba, su karanta a zaman majalisa na gaba. Ragowar littattafai da fensira a ba mudir ya ajiye wa sababbin ɗalibai, ragowar kuɗi kuma a raba shi biyu: kashi ɗaya a sayi dabino da alewa a raba a aji a rana ta farko ta karatu bayan 7 ga Janairu domin 'ya'yan Otodoks, ɗayan a ajiye shi a littafi da sunan alewar Maulidi, wadda kwamitin nan ne zai shirya rabonta ga dukan ɗalibai bisa wannan tsari.